Asibitin kunnen da ya yi wa ɗanmu aiki a Kano: abin yabo da abin gyara

Asibitin da nake magana a kansa mai zaman kansa ne, yana cikin birnin Kano, kuma aikinsa kula da cututtukan kunne da hanci da maƙogwaro. Ba zan ambaci sunansa ba, tunda akwai ƙorafi a cikin bayanina. Hukuncina a kansa shi ne likitocinsa sun san aikinsu kuma ba sa gaggawar kai yaro ɗakin tiyata, amma tsarin karɓar mutane da na biyan kuɗi bai kama ƙafar ingancin likitancin ba.

Abin da ya kai mu shi ne ɗanmu, wanda ya haura shekara 2 bai fara haɗa kalma biyu ba, alhali sa'o'insa sun fara cewa "ba ni ruwa". Idan aka kira shi ta baya ba ya waiwayowa sai an ɗaga murya, kuma kullum sai ya matsa daf da talabijin. Kakarsa ta ce miskilanci ne, wasu suka ce nauyin baki gadon gidanmu ne, wata maƙwabciya kuma ta kawo shawarar a ɗiga masa man zaitun. Abin da ya ƙara rikita mu shi ne kunnen ba ya ciwo, ba ya fitar da mugunya, ba zazzaɓi, sai dai yawan mura da minshari, musamman da hunturu. Tsoron da mahaifiyarsa ta kasa furtawa shi ne kada a ce kurumta ce ta dindindin, irin wadda sanƙarau ko ƙyanda ko shawarar jarirai mai tsanani kan bari.

A nan ne asibitin ya fara burge ni. Likitan bai tsaya ga leƙa kunne da fitila kawai ba. Ya yi tambayoyi masu yawa game da haihuwar yaron, da rigakafinsa, da ko an taɓa yi masa allurar jentamaisin, domin tana cikin magungunan da kan lalata jijiyar ji, sannan ya tura mu ɗakin gwaji. An sa wa yaron wani ɗan toshe mai taushi a kunne wanda ke auna motsin dodon kunne idan an canja matsin iska. A kunne mai lafiya layin da na'urar ke zanawa yakan tashi ya yi tsini ya sauko, amma na ɗanmu ya fito a shimfiɗe a kunnuwa biyun, alamar cewa akwai ruwa a bayan dodon kunnen. Daga baya an yi masa gwajin da ake manna wayoyi a goshi da bayan kunne yana barci, wanda ke nuna ko sauti na isa ƙwaƙwalwa ta jijiya, kuma sakamakon ya nuna jijiyar lafiya lau take. Ma'aikaciyar gwajin ta juyo da allon kwamfutar ta nuna wa mahaifiyar yaron layukan ɗaya bayan ɗaya, cikin Hausa, ba tare da gajiya da maimaici ba.

Bayanin likitan ma ya gamsar da ni. Ya ce akwai wata siririyar hanya da ta haɗa kunnen tsakiya da bayan hanci, wadda ke shigar da iska tana fitar da ruwa, kuma a ƙananan yara gajera ce, kusan a kwance take, shi ya sa mura ko kumburin tsokar bayan hanci ke toshe ta cikin sauƙi. Idan ta toshe sai ruwa mai danƙo ya taru, dodon kunne ya kasa kaɗawa, jin yaro ya ragu da kamar desibel 25 zuwa 30. Da na nemi ya fayyace mini wannan adadi, sai ya ce, "Malam, toshe kunnuwanka biyu da yatsu." Na toshe, ya ci gaba da magana a hankali, ina jin muryarsa amma ƙarshen kalmomin na ɓace mini. Ya ce da irin wannan ji ake so yaron ya koyi harshe.

Abin da na fi yabawa shi ne bai ce a yi aiki nan take ba, duk da cewa aikin ne zai kawo wa asibitin kuɗi. Ya ce a yawancin yara ruwan yakan janye da kansa cikin wata 3, don haka a jira, a raba yaron da hayaƙin itace da na turaren wuta, a riƙa fuskantarsa idan za a yi masa magana, kuma kada a ɗiga masa komai ko a sa masa tsinken auduga. Bai cika mu da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba, ya ce ba su ne maganin wannan matsalar ba. Jiran ya yi mana nauyi ƙwarai, har wani ɗan'uwa ya ce mu canja asibiti, amma da aka sake gwaji bayan wa'adin aka ga ruwan na nan kuma maganar yaron ba ta motsa ba, sai muka amince da aikin da natsuwar cewa ba a yi mana gaggawa ba.

Aikin shi ne a ɗan tsaga dodon kunne, a zuƙe ruwan, a sa wani ɗan bututu da likitoci ke kira giromet domin iska ta riƙa shiga. Ana yin sa ne da maganin barci, kuma wannan shi ne babban fargabarmu. Likitan sa barci ya zo da kansa tun kafin ranar, ya saurari ƙirjin yaron, ya ce idan mura ta kama shi za a ɗaga ranar, ya kuma jaddada a hana shi abinci awa 6 kafin a shiga da shi. An bar mahaifiyarsa ta riƙe shi har ƙofar ɗakin tiyata. Aikin kansa bai wuce kamar minti 20 ba, yaron ya farka da kuka da rigima, ya sha nono da shayi bayan ɗan lokaci, kuma a ranar aka sallame mu da maganin ɗigawa.

Sai dai akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. An ba mu lokacin safe, muka hana yaro abinci tun dare, amma ba a shiga da shi ba sai wajen azahar, kuma babu wanda ya fito ya ba mu haƙuri ko ya faɗa mana dalili. Duk wanda ya taɓa riƙe yaro ɗan shekara 2 mai jin yunwa ya san abin da wannan ke nufi. Kuɗin da aka faɗa mana da farko bai haɗa da na likitan sa barci da na gwajin jini ba, sai a wurin biya muka ji, kuma sai da na nace kafin aka ba ni rasit mai bayanin kowane abu daban. Ɗakin gwajin ji yana kusa da janareta, har aka dakatar da gwaji sau ɗaya saboda ƙara, wanda bai dace da wurin da aikinsa ke buƙatar shiru ba. Sannan ba su da mai koyar da magana, ba su kuma haɗa mu da kowa ba, alhali yaron da ya daɗe bai ji sosai ba yana buƙatar taimako kafin ya cim ma sa'o'insa.

Sakamakon dai ya yi kyau. Cikin 'yan kwanaki yaron ya fara firgita da ƙarar babur, ya fara waiwayowa idan an kira shi daga tsakar gida, kalmomi kuma suka riƙa ƙaruwa a hankali. Kunne ɗaya ya taɓa zubar da ruwa bayan wata mura, wanda an riga an gargaɗe mu cewa yakan faru, kuma maganin ɗigawa ya tsayar da shi. An shaida mana cewa bututun yakan faɗo da kansa cikin wata 6 zuwa 12, kuma a wasu yaran ruwan yakan dawo har a sake aikin, saboda haka muna ci gaba da zuwa dubawa.

Zan iya tura wani wannan asibiti, da sharaɗin ya nemi a rubuta masa jimillar kuɗi tun farko, ya kuma roƙi a sa ɗansa a farkon layin tiyata. Wanda aljihunsa ba zai ɗauka ba yana iya neman sashen kunne na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ko ina aka je, a tabbatar an auna jin yaron kafin aiki, a kuma sake aunawa bayansa.