Jakar Goyo ta Tirayatlon ko Doguwar Jakar Motsa Jiki: Wacce Ta Fi?

Ɗan'uwa, ka ce ka yi rajistar gasar tirayatlon ɗinka ta farko, mai tazarar Olamfik: iyo mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Kana atisaye da asuba kafin ka wuce ofis, kuma kana da doguwar jakar nan mai maratayi ɗaya da kake zuwa ɗakin motsa jiki da ita. Tambayarka ita ce ko ta wadatar, ko kuwa sai ka sayi jakar goyo ta musamman irin ta kamfanonin Zone3, Orca, HUUB ko TYR.

Bari in fara da abin da masu talla ba sa son faɗa. Da zarar an busa usur, jaka ta gama aikinta. A gasanni da yawa ba a barin jaka a filin sauyi, wato inda ake fitowa daga ruwa a hau keke, sannan a sauka daga keke a kama gudu. Kayanka kawai za ka jera a gefen kekenka, jakar ka kai ta wurin ajiya. A gasar Ironman ma, tirayatlon mai doguwar tazara wadda aka fara a Hawai a 1978, masu shiryawa ne ke raba ledojinsu, shuɗiya ta kayan keke, ja ta kayan gudu, kowacce da lambarka a jiki. To a shekara gasa nawa za ka shiga? Biyu ko uku. Atisaye kuwa kwana biyar ko shida ne a mako. Saboda haka ka zaɓi jaka don safiyar Talata da Alhamis, ranar gasa za ta bi sahu.

Wajen ɗauka, ta goyo ta yi wa doguwar fintinkau. Ka ɗauka ga ka nan da duku-duku, motarka can nesa, hannu ɗaya na tura keke, ɗayan riƙe da famfon iska. Doguwar jaka sai ta yi ta lilo tana dukan taya, in kuwa ka hau keken da ita, maratayin ya zamo ta dawo gabanka. Ta goyo tana lafe a baya, hannuwanka biyu na kan kan keke.

Inda maganar take da nauyi shi ne jiƙaƙƙun kaya. Jakar tirayatlon ta ƙwarai tana da ɗaki daban a ƙasa, an lulluɓe cikinsa da roba, don rigar iyo mai kauri da tawul da wandon da ka fito da shi daga ruwa. Kai da kake wucewa ofis daga wurin iyo, wannan ɗakin ne zai hana rigarka ta aiki ɗaukar warin kulorin. Amma girmansa an yi shi ne don rigar roba mai kauri, kuma ba ko'ina ake sa ta ba. A dokar World Triathlon, hukumar wasan ta duniya, wanda ba ƙwararre ba da zai yi iyon mita 1,500 an hana shi sa ta idan ɗumin ruwa ya kai digiri 22 a ma'aunin Salshiyos. Ironman kuwa, mai iyon da ya fi wannan tsawo, tana bari har zuwa 24.5. Idan gasarka a ruwa mai ɗumi ce, kusan rubu'in jakar ka saya ne don abin da ba za ka ɗauko ba. Idan kuwa irin tekun Gqeberha ne a Afirka ta Kudu, inda ake gasar Ironman kuma ruwan kan yi sanyi, ɗakin ya biya kuɗinsa.

Doguwar jaka ba ta da wannan ɗakin, amma maganin abin ba tsada: 'yar jakar nan marar shigar ruwa da ake naɗe bakinta a ɗalle, mai cin lita 10 ko 15, ka jefa ta ciki. Har ta fi wani wajen, domin kana iya ciro ta ka wanke ka shanya. Ɗakin roba kuwa, kamar yadda yake hana ruwa fita haka yake hana iska shiga. Na taɓa mance jiƙaƙƙen tawul a cikinsa kwana uku a but ɗin mota. Fumfunar da ta fito, sai da na yi mako biyu ina shanya jakar a buɗe kafin tsamin ya lafa.

Sai buɗewa. Jakunkunan goyo iri biyu ne: mai baki a sama kamar buhu, da mai buɗewa warwas kamar akwati. Ka guji ta farkon, don abin da kake nema kullum yana can gindi. Doguwar jaka bakinta a wangale yake, sai dai komai a cakuɗe: ƙarfen ƙasan takalmin keke ya karce gilashin iyo, hular kwano ta danne a ƙarƙashin gorar ruwa. Yawancin na musamman suna da raga a waje mai riƙe hular kwano, kuma wannan ba ado ba ne, tunda ba a yarda ka cire kekenka daga maratayinsa ba sai hular na kanka a ɗaure. Yawan aljihuna dai bai burge ni ba. Ƙananan abubuwan da ke ɓata, irin na'urar ƙirga lokaci da ake ɗaurawa a idon sawu da bel ɗin da ake maƙala lambar gasa, aljihu ɗaya mai zif ya ishe su. Aljihu goma sha biyu wurin mantuwa goma sha biyu ne.

Girma kuwa, lita 35 zuwa 45 ya wadatar. In jirgi za ka hau, ka auna ta da ƙa'idar kayan hannu ta kamfanin, ka riƙe takalmin keke da hular kwano da kayan gasa a tare da kai, don su ne ke wuyar samu a garin da ba ka sani ba idan akwati ya makara. 'Yan gwangwanin iskar cika taya kuma ka tambayi kamfanin jirgin tukuna.

Nawa ra'ayin: in a kan keke kake zuwa atisaye, sayi ta goyo mai lita 40, mai buɗewa kamar akwati, mai ɗakin jiƙaƙƙun kaya a ƙasa. In da mota kake zuwa, riƙe doguwar jakarka, ƙara mata waccan 'yar jakar marar shigar ruwa, ragowar kuɗin ka sa a tayoyi masu kyau da gilashin iyon da ba ya yoyo. Idan ka je saye, tafi da hular kwanonka da takalmanka biyu, ka loda su a ciki, ka goya, ka sunkuya kamar kana kan keke ka ji ko saman jakar yana tokarin ƙeyarka. Sannan ka ja zif ɗin ɗakin ƙasa sau da yawa, shi ne ke fara lalacewa saboda gishiri da yashi.