Kaso a jirgi ko shata? Amsa ga Alhaji

Alhaji, ka tambaya ko kai da abokan kasuwancinka uku na unguwar Nima a Accra ku sayi kaso a ƙaramin jirgin sama, ko ku riƙa yin shata. Ku bar maganar sayen kason, ku riƙa yin shata. Na taɓa duka biyun da kuɗina.

Shekara uku da suka wuce aka bugo mana waya da asuba, ƙanin Hajiyarmu yana kwance a Kano rai a hannun Allah. Tsohuwa ce, ƙafa ta ƙi, ba za ta iya zaman jiran canjin jirgi a Legas ba. Na kira wani kamfanin shata, suka nemo izinin sauka, washegari da hantsi muka tashi daga Accra mu bakwai. Tafiyar kamar awa biyu ce. Hajiya ta riƙe hannunsa, ya buɗe ido ya kira ta Yaya, bayan kwana biyu Allah Ya yi masa rasuwa. Kuɗin ya yi nauyi, amma sau ɗaya na biya, kuma har gobe tana sa mini albarka.

Kaso kuwa, amfaninsa ɗaya na gani: ba a cinikin farashi kowace tafiya. Tsarin na Amurka ne, kamfanin NetJets ya fara shi a 1986. Ana lissafa jirgi awa 800 a shekara, mai kaso ɗaya cikin 16 yana da awa 50, yarjejeniya yawanci shekara biyar. Can yana tafiya ne saboda jiragensu ɗaruruwa ne, in naka ba ya kusa a turo wani. Mu jirgi ɗaya muka yi tarayya a kai. Sallah ta zo kowa yana so, ya shiga gyara kowa ya zauna. Ga kuɗin wata na matuƙa da inshora da wurin ajiya, ka tashi ko ba ka tashi ba, duka da dala ake biya, kai kuma da sidi, kuɗin Ghana, kake ciniki. Da na zo sayar da kasona, asara na tafka.

Ka yi lissafi ma. Accra zuwa Kumasi kamar minti 40 ne, sai ka je ka dawo sama da sau 30 kafin ka cinye awa 50, alhali Africa World Airlines da PassionAir suna bin hanyar kullum.

Ba ka tambaya ba, amma don Allah ka kiyayi dillalan da ke turo hoton jirgi a WhatsApp. Wasu jirgin ba nasu ba ne, wasu kuma jirgin wani attajiri ne da ba shi da izinin ɗaukar fasinja da kuɗi. Irin wannan jirgin ne ya faɗi a teku da ɗan ƙwallo Emiliano Sala a Janairun 2019, matuƙin ba shi da lasisin aikin haya. Kafin ka ba da ko sisi, a nuna maka takardar AOC ta kamfanin, wato izinin ɗaukar fasinja da kuɗi, wadda GCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ke bayarwa in na Ghana ne, da lambar jirgin da takardar inshora. Kuɗi kuma asusun kamfani za su shiga, kada ka tura MoMo, wato kuɗi ta waya, zuwa lambar wani mutum.