Faifan aro: wasiƙa daga Liyon ta Faransa zuwa Maradi

Yaya, gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, ya su Inna, ya yara, ya kuma zafin bazara, don na san yanzu Gulbi ya ƙafe, rana tana dukan kowa. Allah Ya kai mu damina lafiya.

Ran da muka yi magana ta WhatsApp ka ji wani kiɗa yana tashi a ɗakina, ka tambaye ni mene ne wannan da ba waƙa ba kirari. Katin waya bai bari na ba ka amsa ba, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ka san aikina a nan kula da tsofaffi ne a gidajensu. Akwai wani dattijo, tsohon malamin lakwal, da nake zuwa wurinsa kullum da safe. Rediyonsa ba ta barin tashar France Musique, wadda yawancin abin da take sawa shi ne kiɗan da suke kira kilasik. Watannin farko kunnena bai kama komi ba. Ba a yabon kowa, ba abin takawa, sai gogayya da bushe-bushe. Wata safiya ina wanke kwanoni sai na ji wata 'yar ganga ta fara can ƙasa-ƙasa, kamar gangar noma da ake jiyowa daga gonakin hanyar Tibiri. Sarewa ta ɗauki wani zaren kiɗa, ta miƙa wa wani abin busa, shi ma ya miƙa wa na gaba, wani cikinsu muryarsa sak ta algaita in an sassauta mata. Kusan minti 15 gangar nan ba ta sauya taki ba, sai ƙaruwa ake yi, har makaɗan duka suka shigo, ɗakin ya cika. Ina tsaye da kwano a hannu, kumfa tana zuba a ƙasa. Dattijon ya lura da ni, ya ɗauki takarda ya rubuta mini: Boléro, na Maurice Ravel, 1928. Ya ce in je babban ɗakin karatu na Part-Dieu in nema.

To, a nan ne labarin yake, Yaya. Ɗakin karatun na gari ne, kuma akwai sashe guda na kiɗa zalla. Ka yanki kati na shekara, kuɗinsa bai kai na sabbin faifai biyu ba, ka zaɓi faifan da kake so, ka tafi da su gida 'yan makonni, ka maido, ka ɗauki wasu. Ba mai tambayarka ɗan wane ne kai. Matar da ke kula da sashen na nuna mata takardar dattijo, ta tashi da kanta ta ciro mini faifai uku, ta ce duk kiɗan ɗaya ne amma makaɗan daban, in saurara in dawo in gaya mata wanda ya fi kwanta mini. Na ɗauka wasa take. Ashe su kiɗan a rubuce yake a takarda, kowane ayarin makaɗa ya karanta ya kaɗa, kuma kamar yadda mata biyu za su dama fura da gero ɗaya da nono ɗaya amma ka bambance hannun kowace, haka abin yake.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne 'yar takardar da ke cikin gidan kowane faifai. An rubuta wanda ya tsara kiɗan, da wanda ya kaɗa, da shekarar da aka ɗauka, har garin da zauren. Ka tuna yadda muke kai waya wurin masu turi a babbar kasuwa, yaro ya cika maka memori da dala kaɗan? Ba na raina su, suna da sauri da araha, kuma yaron yakan san abin da kake so tun kafin ka buɗe baki. Amma rabin abin da yake tura maka ba suna, sai lamba, kuma an matse sautin har ganga ta koma kamar ana dukan gwangwani.

Da wannan takardar na san wani Bajamushe, Bach, wanda ya rasu a 1750. Ya bar kiɗa shida na babban goge guda, wanda ake zama a jingina shi tsakanin gwiwoyi, suna ce masa biyolonsel. Mutum ɗaya ne, ba ganga, ba 'yan amshi. An daɗe ana ɗaukarsu abin koyon hannu kawai, sai da wani ɗan Sifen, Pablo Casals, ya tsinci takardunsu a wani shago a Basalona yana ɗan shekara 13, ya yi ta bitarsu, sannan aka ɗauke shi a faifai tsakanin 1936 da 1939. Faifan yana ɗan shuu irin na tsohuwar garmaho. Na saurare shi wani daren hunturu bayan isha'i, na kashe fitila, na sa abin kunne. Ana jin izgar tana kama tsirkiya, ana jin yatsa yana sauka. Zuciyata ta tafi wurin mai gogen nan da ke zuwa unguwarmu ta Bagalam muna yara, wanda in ya ja izga mata sukan bar daka su leƙo. Na yi hawaye a daren, ba zan ɓoye maka ba.

Maganar kuɗi kuwa, yuro 1 sefa 656 ne. Sabon faifai yakan kai yuro 15, wajen jikka 10 ke nan, ban cika saye ba. Amma ranar Lahadi ana cin kasuwar tsofaffin kaya, inda mutane ke fito da tarkacen gidajensu, can nake samu a yuro 1 ko 2, tun da yawanci sun koma saurare ta intanet. Ni ma na gwada ta intanet ɗin. Sama da yuro 10 duk wata, kuma watan da ba ka biya ba komi ya rufe, ba ka mallaki ko ɗaya ba. Ga shi irin wannan kiɗa yakan zo kashi uku ko huɗu a jere, manhajar sai ta cakuɗa maka su. Na bari.

Wuta ba ta yankewa, wannan kam sai godiya. Akwai wani Bajamushen mai tsara kiɗa, Beethoven. Kiɗansa na tara, wanda aka fara kaɗawa a birnin Biyana a 1824 lokacin shi kansa ya kurumce, ya fi awa guda, kuma yana so a bi shi daga fari har ƙarshe ba tare da wuta ta katse shi ba. Kaya ma in ka saya sabo, doka ta ba ka garanti na shekara 2. Abin kunnena ya mutu gefe ɗaya bayan wata takwas, na kai da rasit, aka sauya mini. Sai dai wajen gyara mun fi su nesa ba kusa ba. Na'urar faifai da na saya ta hannu ta daina juyawa, mai shago ya ce kuɗin dubawa kawai ya fi kuɗinta, in jefar. Raina ya ɓaci, don na san a Maradi mai gyaran rediyo zai buɗe ta, ya sauya 'yar roba, ka biya shi kuɗin shayi. Kuma sauraron nan na kaɗaici ne. In dare ya yi ka ɗaga sauti, maƙwabci zai ƙwanƙwasa maka bango. Nakan yi kewar fadarmu, rediyo a tsakiyar tabarma, butar shayi a kan gawayi, kowa yana tofa nasa.

Watan jiya ina bincike a sashen kiɗan ƙasashen duniya sai na ga sunan Nijar. Faifan Ocora ne, na gidan rediyon Faransa, an ɗauki abin da ke ciki a ƙasarmu a farkon shekarun 1960: kiɗan Hausawa da na Zabarmawa da sauransu, da bayanin kowane a rubuce. Na sa a kunne nan take, na ji gangunanmu da muryar maroƙa, tsaf kamar jiya aka ɗauka. Sai na tuna kaset ɗin marigayi Baba da ke cikin adakar ƙarfe a ɗakin zaure, har da waɗanda ya ɗauka da kansa a ƙofar fada ranar hawan salla, da kakaki da algaita da tambura.

Don Allah Yaya ka fitar da su daga ɗakin nan, kwanon rufi yana dafa su. Ka sa su inda yake da sanyi, nesa da rediyo da lasifika, kada a bari yara su sa su a na'ura, zaren zai iya tsinkewa. Ka zauna da Inna da Kawu, duk wanda suka tuna makaɗinsa da shekararsa ka rubuta a takarda ka liƙa. Na samu 'yar na'ura mai juye kaset zuwa kwamfuta, zan zo da ita in Allah Ya kai mu hutun Disamba. Ka ƙirga mini ko nawa ne, in san girman memorin da zan sayo.

A gaishe da Inna da kyau.