Kwatano ko Lome: amsa ga Alhajin da zai kawo tayil Maraɗi

Alhaji, ka ce ka daɗe kana sarin tayil a hannun masu kawowa, bana kuma kana so ka yi odar kwantena ɗaya mai ƙafa 20 da kanka, daga Foshan ta ƙasar Sin zuwa shagonka a Maraɗi. Wakilinka na can ya tambaye ka tashar da za a rubuta a takardar jirgi, Kwatano ko Lome, kuma kuɗin jirgin da ya faɗa maka bai bambanta sosai ba. Ka tambayi wacce ta fi.

Amsar tana rataye ne a kan gada ɗaya, wadda ta haɗa Malanbil ta Benin da Gaya ta Nijar. In manyan motoci na haye ta da kaya a ranar da za a yi maka lodi, ka rubuta Kwatano ba tare da dogon tunani ba. In a rufe take, ka rubuta Lome, ka shirya wa jira. Bari in warware maka dalili, don kuɗin jirgin da kake kallo shi ne ƙaramin abu a cikin lissafin.

Mu fara da nisa, tunda kai Bamaraɗe ne ba ɗan Yamai ba. Motar da ta taso daga Kwatano tana miƙewa arewa ta Bohikon, Faraku da Kandi har Malanbil, wajen kilomita 730. Ta haye kogin Kwara ta shiga Gaya, ta hau Dosso. A nan ne ribarka take: ba ta da abin yi a Yamai, sai ta karya gabas ta Dogonduci, Ƙonni, Madawa, Gidan Rumji, ta sauka Maraɗi. Duka tafiyar ba ta wuce kilomita 1,400 da kaɗan ba, kuma iyaka ɗaya ce tak.

Motar Lome kuwa sai ta ratsa Togo daga kudu har arewa, ta Atakpame, Sokode, Kara da Dapaong, ta kai Sinkase, sannan ta shiga Burkina Faso. A da daga nan ana bin Tenkodogo, Kupela, Fada Ngurma, Kancari, a shiga Nijar ta Makalondi da Torodi. Rashin tsaro ya sa direbobi suka kauce wa wannan titi, ayarin manyan motoci ya koma bin garin Kaya da Dori, ya shigo ta Tera da rakiyar sojoji. Ko ta ina aka bi, sai an faɗa Yamai, daga can kuma akwai wajen kilomita 660 kafin Maraɗi. In ka haɗa, tayil ɗinka zai yi tafiyar kilomita 2,000 ko fiye a kan titi, ya tsallaka iyaka biyu. Ɗan kasuwar Yamai ƙarin da ya hau kansa bai kai naka ba. Shi ya sa in ka ji ɗan Yamai yana yabon Lome, ka saurare shi, amma ka yi naka lissafin dabam.

Abin da ya rufe gadar kowa ya san shi, amma yana da kyau a jera shi don ka gane irin haɗarin da kake sayen sa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta saka wa Nijar takunkumi, Benin ta rufe iyakarta, ɗaruruwan motoci suka maƙale a Malanbil, kwantenoni suka taru a tashar Kwatano. A ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma hukumomin Yamai suka bar nasu a rufe, suka ce dalilin tsaro ne. Shekarar 2024 ta ƙare a haka, 2025 ma ta ƙare a haka. Mutane da ƙananan kaya suka koma tsallaka kogi a kwalekwale. Buhun masara zai iya bin wannan hanya. Tan ashirin da wani abu na tayil, a sauke shi daga tirela, a ɗora a kai, a zuba a jirgin katako, a sake lodawa a wancan gaɓar, abin da zai iso shagonka rabi ɓaraguzai ne. Kuma kayan da suka shigo haka ba su bi takardar wucewa da aka buɗe musu a tasha ba, wannan kuwa rigima ce da duwan, wato kwastan, da ba na so ka fara sana'ar oda da ita.

Tashoshin su kansu, kowacce da halinta. Lome tana da zurfin ruwa sama da mita 16, kuma tun da aka buɗe babban filin kwantenanta a 2014 ta zama wurin da manyan jirage daga Asiya ke sauke kaya, ƙananan jirage su rarraba zuwa sauran tashoshin gaɓar. Wani lokaci kwantenar da aka rubuta wa Kwatano sai ta kwana a Lome kafin ta ƙarasa. Don haka a kan ruwa Lome na iya riga Kwatano da 'yan kwanaki. Togo kuma ta daɗe tana zawarcin kayan ƙasashen Sahel, a 2021 ta buɗe filin masana'antu na Adetikope a arewa da birnin, mai ɗauke da tashar tudu da wurin ajiye manyan motoci.

Kwatano ba ta kai Lome zurfi ba, amma tana da abin da ba a gina shi da siminti. Shekara da shekaru ita ce tashar Nijar, kayan Nijar ne suka fi yawa a cikin kayan wucewa da take sarrafawa, kuma a unguwar Zongo za ka samu masu fitar da kaya, dillalan motoci da direbobi da za ka yi magana da su da Hausa, wasu ma sun san mahaifin wanda ya turo ka. Ga wanda zai fara, wannan sanayya tana da daraja. Tun 2018 masu tashar Antwaf ta Beljiyam ne ke tafiyar da ita, aiki ya ƙara tsari. Akwai ma layin dogo mai kilomita 438 daga Kwatano zuwa Faraku, wanda aka yi ta alkawarin ƙarasa shi Yamai. An shimfiɗa ƙarfe tsakanin Yamai da Dosso wajen 2014 zuwa 2016, amma tsakiyar ba ta haɗu ba, don haka kada ka sa jirgin ƙasa a lissafinka.

Yanzu ga inda nake so ka fi tsayawa, wato kwanaki. Daga kudancin Sin zuwa gaɓar nan jirgi kan ɗauki wata ɗaya da rabi ko kusa da haka, ko wace tasha ka zaɓa. Bambancin yana farawa ne bayan an sauke. Lokacin da gadar Gaya ke aiki, motar da ta fita tashar Kwatano da takardunta cikakku ana sa ran ganinta cikin kwanaki. A hanyar Burkina direba ba shi ke da ikon ranar tashi ba. Motoci kan taru su jira a haɗa ayari, a samu sojojin rakiya, sannan a motsa, kuma jiran kan kai makonni. Ba wanda zai iya yi maka alkawarin rana, duk wanda ya yi maka kuwa so yake kawai ka ba shi aikin.

Wannan jiran yana cin kuɗi ta fuska uku. Jarinka yana kwance ba ya juyawa. Mai mota yana sa kwanakin da zai ɓata da haɗarin da direbansa zai shiga a cikin farashi. Na uku, wanda sababbin masu oda suka fi faɗawa, shi ne kwantenar kanta. Ba taka ba ce, ta kamfanin jirgi ce. Suna ba ka wasu kwanaki kyauta, bayansu kullum akwai kuɗin jinkiri har ranar da aka mayar musu da ita fanko a tasha, kuma kafin su bari ta fita ƙasar sai ka ajiye kuɗin jingina. Ka ga ke nan kwantenar da ta tafi Maraɗi ta Dori, ta jira ayari a tafiya, ta sake jira a dawowa, tana iya cinye jinginar kaf. Shi ya sa da yawa suke juye kaya a tasha, a loda su a tirela a rufe da tamfol, a mayar da kwantena nan take. Ga tayil juyewa na nufin hannu ya ƙaru, fashewa ta ƙaru. Abin da nake ba ka shawara shi ne ka sa a jera maka tayil a kan katakon lodi a ɗaure tun daga masana'anta, yadda injin ɗaga kaya zai kwashe su ba sai an bi kwali ɗaya-ɗaya ba. Kuma ka sa wakilinka ya nemi ƙarin kwanakin kyauta tun kafin a yi lodi, a rubuce. Bayan jirgi ya iso ba ka da bakin ciniki.

Abu ɗaya da ya taimake ka shi ne tayil ba ya ruɓewa, ba ya da ranar lalacewa. Da madara ko magani za ka kawo, da maganar jiran ayari ta fi haka nauyi. Sai dai yana da nauyi. Kwantena mai ƙafa 20 takan cika da nauyi kafin ta cika da kaya, kuma dokar ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma ta 2005 ta ƙayyade nauyin da kowace mota za ta ɗauka, akwai ma'auni a hanyoyin biyu. Kada ka yarda mai mota ya ɗora kayan wani a kan naka don ya rage maka farashi. In aka tsare shi a ma'auni, kayanka ne za su kwana a rana.

Wajen kuɗin fito ba wata tasha da ta fi wata. Kayan wucewa ba a biya musu fito a Togo ko Benin, ana buɗe musu takardar wucewa ne da lamuni, a biya a ofishin duwan na Nijar. Matakan harajin su ne kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari gwargwadon irin kaya, ga harajin TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan saye, na kashi 19, ga kuma rabin kashi ɗaya da ƙawancen Mali, Burkina da Nijar ya saka a 2025 kan kayan da suka fito daga wajensa. Ka sa mai fitar maka da kaya ya faɗa maka matakin da tayil ya faɗa kafin ka biya masana'anta. Takardu biyu kuma kada su kuɓuce maka a kowace hanya. Dole takardar jirgi ta nuna ƙarara cewa kayan masu wucewa ne zuwa Nijar, in ba haka ba za a ɗauke su kayan cikin gida, gyaran kuwa kuɗi ne da kwanaki. Sai takardar bin sawun kaya ta CNUT, hukumar masu amfani da sufuri ta Nijar, wadda ake buɗewa tun daga tashar lodi.

Inshora ma ka duba ta da idonka. In ka sayi kaya a farashin CIF Lome ko CIF Kwatano, wato farashin da ya haɗa kuɗin kaya, inshora da kuɗin jirgi zuwa tashar, alhakin mai sayarwa na inshora ya tsaya ne a tashar da aka ambata, kuma mafi ƙarancin kariya ake wajabta masa. Titin da ya fi haɗari yana gaba. Inshorar kaya ta yau da kullum ba ta ɗaukar asarar yaƙi ko harin 'yan bindiga sai an ƙara sharaɗi na musamman. A titin Kaya zuwa Tera an kai wa motoci hari, an rasa rayukan direbobi, Allah Ya jiƙansu. Arewacin Benin ma, wajen gandun dajin da ake kira W, ba lafiya lau yake ba, amma ba a kwatanta shi da wancan. In direban da zai bi Dori ya faɗi kuɗinsa, kada ka matsa masa kamar mai zuwa Katsina.

Wani ɗan'uwa ya ce me ya hana ka bin Legas, tunda Maraɗi ta fi kusa da Katsina da Kano fiye da Yamai. Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Iyakar Jibiya da Ɗan Isa ta sake buɗewa a Maris ɗin 2024, akwai tashar tudu a Kaduna tun 2018, ta Dala a Kano tun 2023, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da aka aza harsashinsa a 2021. Ranar da wannan layi ya fara ɗaukar kwantena, lissafin Maraɗi zai canza gaba ɗaya. Amma a yau wucewa da kaya ta Najeriya na buƙatar wanda ya goge da kwastan ɗin can da lamuninsu, ga hawa da saukar naira, kuma ba mu manta rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ba. Hanya ce ta wanda ya riga ya san gari, ba ta kwantenar farko ba.

Don haka kafin ka amsa wa wakilinka, ka nemo mai fitar da kaya ɗaya a Lome, ɗaya a Kwatano, masu lasisi, waɗanda wani da ka amince da shi ya taɓa aiki da su. Kowanne ya rubuto maka farashi har ƙofar shagonka a Maraɗi, da kuɗin tasha, da na mota, da jinginar kwantena, da garuruwan da motar za ta bi ɗaya bayan ɗaya. In na Kwatano ya rubuto hanyar da ba ta bi ta kan gadar Gaya ba, ka tambaye shi a wane ofishin duwan za a rufe takardar wucewar, kuma da sunan wa. In amsar ba ta fito sarai ba, ka ce wa wakilinka ya rubuta Lome, ka kuma gaya wa masu jiran tayil ɗinka su ba ka wata uku zuwa huɗu daga ranar lodi.