Fis ɗin filogi na Bussmann: nagari ne, in an sa lambar da ta dace

Bussmann TDC180 shi ne ɗan guntun fis ɗin nan da ke cikin filogi mai ƙafa uku, irin na Ingila da ake amfani da shi a Najeriya da Ghana. Tsawonsa milimita 25.4, kaurinsa 6.3, an ƙera shi bisa ƙa'idar Birtaniya mai suna BS 1362. Jikinsa tangaran ne, cikinsa cike da yashi, kuma saboda yashin nan na fifita shi. Idan wayoyi biyu suka haɗu, wuta takan haura ɗaruruwan amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke bin waya) cikin ƙiftawar ido. Siririyar wayar ciki sai ta narke, yashi ya shanye tartsatsin. Ƙa'idar ta ce dole ya iya katse amfiya 6,000 bai tarwatse ba. Jabun da ba yashi yakan fashe, ya ƙone filogi, wani sa'in har da soket.

Jabu kuwa yana da yawa a kasuwa, har da mai ɗauke da sunan kamfanin. Ka duba tambarin ASTA, shaidar cewa an gwada ingancinsa, ka murɗa hulunan ƙarfe biyu da ke sama da ƙasansa, na gaske ba sa juyawa. In kwali guda za ka saya, fasa ɗaya da filaya ka ga ko yashi zai zubo.

Inda aka fi yin kuskure shi ne lamba. Aikin fis kare wayar da ta fito daga filogi zuwa na'ura, kada ta yi zafi ta kama da wuta. Mai amfiya 3, jan rubutu, ya ishi fitila, fanka ko rediyo, wato abin da bai wuce wat 700 ba. Mai 13, rubutu ruwan ƙasa, na dutsen guga ne da hita da butar lantarki, har kusan wat 3,000. Abin takaici, shaguna da dama mai 13 kaɗai suke ajiyewa. A sa shi a kan siririyar waya mai murabba'in milimita 0.5, robar wayar za ta iya narkewa fis yana nan lafiya lau, domin mai 13 na iya ɗaukar amfiya 20 na rabin awa bai tsinke ba.

Kada a ɗora masa abin da ba nasa ba. Ba ya hana wuta jan mutum, wannan aikin RCD mai miliamfiya 30 ne, wato na'urar da ke katse wuta nan take in ta fara zurarewa ta jikin mutum ko zuwa ƙasa. Ba ya kuma ceton talabijin idan aka kawo wuta da ƙarfi fiye da kima.

In ya tsinke, cire filogi daga soket, ka duba ko waya ta kwance ko ta goge, sannan ka sa sabo mai lamba iri ɗaya. Ya sake tsinkewa, matsalar tana cikin na'urar, a kai ta wurin mai gyara. Kada a naɗe shi da takardar kwalin sigari ko zaren tagulla, domin daga nan babu abin da zai katse wutar sai fis ko bireka na babban akwati, su kuwa lambarsu ta fi ƙarfin wannan waya nesa ba kusa ba.