Man goge bakin yara: wanne ya kamata a saya?

Kafin ka ɗauki man goge baki don an zana masa 'yar tsana ko an rubuta "na yara", juya kwalin ka nemi adadin sinadarin fuloraid da ke ciki. Ana rubuta shi da lamba, sai harufan ppm su biyo baya. Wannan lambar ce ke nuna ko man zai kare haƙorin yaro daga ruɓewa.

Kusan iri uku za ka tarar. Akwai wanda babu fuloraid a cikinsa sam, wannan ban ba da shawarar a saye shi ba, domin ƙamshi kawai zai sa wa baki. Akwai mai 500 ppm, wanda kariyarsa ba ta taka kara ta karya ba. Sai mai 1000 zuwa 1500 ppm, shi ne abin nema, ko da na manya ne, muddin bai yi wa yaron yaji a baki ba.

Iyaye da yawa na tsoron kada yaro ya haɗiye man. Tsoron yana da tushe, don yawan haɗiyarsa kan bar fararen tabo a haƙoran da za su fito bayan famfara. Maganin wannan shi ne awo. Daga fitowar haƙorin farko, wajen wata 6, zuwa shekara 3, a shafa kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6 a sa kamar ƙaramar ƙwayar wake. A goge sau biyu a rana, ɗaya lallai kafin barci, yaro ya tofar, kada ya kurkure baki. Babba ya riƙa tsayawa a kansa har ya kai shekara 7.

Buroshi ba ya buƙatar dogon nazari: mai ƙaramin kai da taushin gashi, a canza shi duk wata 3. Ruwan kurkure baki kuwa ba na ɗan ƙasa da shekara 6 ba ne.

Idan ruɓewar ta riga ta fara, sai likitan haƙori. Farin tabo kusa da dasashi ana iya tsayar da shi da fuloraid mai ƙarfi da likita ke shafawa, galibi sau biyu a shekara. Idan kogo ya buɗe, akwai ciko, akwai kuma wani ruwan magani mai azurfa da fuloraid da ake ɗigawa ba tare da allura ko huda ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Aibinsa shi ne yana baƙanta inda ya ruɓe, don haka a haƙoran gaba sai an yi shawara. Ga ƙaramin yaro mai tsoron kujerar likita, ni wannan ruwan maganin zan fara tambaya.

Duk wanda aka zaɓa, in ana kwantar da yaro da fida mai zaƙi a baki, ruɓewar za ta dawo.