Golf GTI ko Mustang GT: wacce aljihu zai iya ɗauka a Accra?

Samarin unguwar Nima suna mutuwar son motar Mustang saboda rurin injinta V8 (silinda takwas) mai lita 5.0, amma tun daga tashar jiragen ruwa ta Tema take fara cin kuɗin mutum, don injin da ya haura 3000cc (lita 3) harajinsa ya fi tsada. Golf GTI kuwa lita 2.0 ce da turbo, silinda huɗu, man da take sha a cunkoson mahaɗar hanyoyi ta Circle bai kai na Mustang ba.

Inshorar third party, mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani, dole ce ga kowa, ba a nan matsalar take ba. Comprehensive, wanda ya haɗa har da ɓarnar motarka, shi ne wahala, da darajar mota ake lissafa shi, kuma kayan gyaran Mustang sai ka zagaye kasuwar kayan mota ta Abossey Okai ka rasa, a ce sai an yo oda daga Amurka. Ni dai GTI zan ɗauka wallahi.